Harsashi, Mijin Ƙanwata, da Gangaren Dutse

Ni dai ban taɓa ƙaunar mutumin nan ba, kuma ba zan fara yau ba don kawai furfura ta cinye kawunanmu. Mijin ƙanwata ne, uban 'ya'yanta. Direba ne tun kafin gemu ya tsiro masa, kuma duk tasha ba wanda ya san shi da wani suna sai Harsashi. Ni kuwa bakanike ne, birki kaɗai nake gyarawa, a wata rumfar kwano da ke bakin titi daidai inda gangaren dutse ya ƙare. Duk motar da ta sauko daga garin da ke saman tudu sai ta wuce ta ƙofata. Tun kafin in ga mota nakan san irin direban da ke cikinta, da hanci kawai. In na ji ƙauri kamar an jefa tsohon takalmin roba a wuta, to wani ne ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama bai ɗaga ba. A cikin masu ƙaurin nan, Harsashi ne sarkinsu.

Ubansa mai facin taya ne a bakin tasha, mutum mai sanyin hali wanda ko ƙuda ba ya kora da ƙarfi. Ban san inda ɗan ya gado rawar kai ba. Ya tashi cikin motoci, yana matsar da su gaba da baya idan za a wanke, har wani mai babbar mota ya ɗauke shi. Daga nan ya koma bas ta fasinja mai hawa tudu da saukowa. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, kullum da tsinken sakace a gefen baki, da wani ƙaton agogo da ya daɗe da tsayawa amma ba ya rabuwa da shi. In aka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya ce, "Ni agogona totur ne." Sai ya bari direbobi sun yi lodi sun tafi, ya zauna ya sha shayi, sannan ya tashi ya riga su isa. Haka sunan ya bi shi.

Gaskiya ɗaya zan faɗa, ko da tana min ɗaci: hannunsa na da kyau a kan sitiyari. Yana iya ratsa mota ta inda akuya za ta yi shakka. Amma ƙafarsa ta dama ba ta san komai ba sai takawa. In ba totur ba, birki. Giya kuwa, a wurinsa ta hawa tudu ce kawai.

Autarmu tela ce, tana hawa tudu sayo yadi. Shi ne ya riƙa ajiye mata kujerar gaba, yana korar duk wanda ya riga ta zama. Da maganar aure ta taso na je na samu tsohuwarmu a ɗakinta, tana tsintar shinkafa a faranti.

Na ce, "Inna, mutumin da ba ya tausayin ƙarfe ba zai tausaya wa mutum ba."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Kai da kake tausayin ƙarfe, wa ka taɓa yi wa murmushi? Tashi ka ba ni wuri."

Aka yi aure. Tunda ya zama na gida, sai ya fara kawo min bas ɗin gyara, yana shigowa rumfata kamar gadon ubansa. Ba ya sallama, sai dai ya danna hon ya leƙo da kai.

"Yaya Mai Birki! A duba mana ƙafafun amarya, tana ɗan jan jiki."

Ranar farko da na cire tayar gaba, sai da na ja da baya. Faifan birkin, wato farantin ƙarfen nan da ke juyawa tare da taya, ya koma shuɗi kamar wuyan tantabara. Fad ɗin da ke matse shi kuwa ya yi sulɓi yana ƙyalli kamar gilashi. Na ciro na miƙa masa.

"Shafa ka ji."

Ya shafa. "Sumul. Ai kyau ke nan."

"Kyan ɗan maciji ne. Wannan ya ƙone. Birki da gurza yake aiki, gurza kuma zafi take haifarwa. In ka danne shi tun daga saman dutse har ƙasa ba ka bar shi ya sha iska ba, fuskarsa narkewa take yi ta yi santsi. Za ka taka ka ji shi da tauri a ƙafarka, amma motar ba ta san kana yi ba. Ka sauko da giya lamba biyu ko uku, inji ya riƙe maka motar. Birki kuwa ka taka shi da ƙarfi kafin kwana, ka saki. Ba a kwanciya a kansa."

Ya juya tsinken sakacensa daga wannan gefe zuwa wancan. "Lamba biyu? In sauko ina kuka kamar injin niƙa, 'yan tasha su yi min dariya? Yaya, kai ka taɓa tuƙa wani abu da ya wuce baro?"

Masu zaman banza da ke kan bencina suka kwashe da dariya. Na haɗiye, don albarkacin Auta.

Haka muka yi ta yi shekara da shekaru. In gyara, ya ƙona. Wata rana ma na gan shi da idona ya tsaya a gindin gangaren, tayoyi na hayaƙi, ya karɓi bokitin ruwa a wurin mai shayi ya sheƙa musu. Ƙarfen ya yi tsuwa, tururi ya tashi. Na tsallaka titi da sifana a hannu.

"Kai wane irin mutum ne? Ƙarfe mai zafi ka watsa wa ruwan sanyi? Faifan zai karkace, gobe ka zo kana ce min sitiyari na rawa!"

Ya ce, "In bai karkace ba me za ka ci? Ai taimakonka nake yi."

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne man birki. Yana da wata tsohuwar gora a ƙarƙashin kujerarsa, murfinta ya fashe, an toshe da leda. Da ita yake ƙara wa motar mai duk lokacin da ya ga ya ragu. Na gaya masa har bakina ya gaji: man birki yana shan laima daga iska kamar gishiri. In ya tsufa ya sha ruwa, zafi kaɗan zai tafasa shi a cikin bututu. In ya tafasa kuwa ya zama tururi, tururi kuma ba ya tura komai. Sai ka taka birki ya tafi har ƙasa, laƙwas, kamar ka taka ruɓaɓɓen tumatir. Na ce ya bar min motar wuni guda in zubar da tsohon in zuba sabo. Ya ce wunin da zai yi a rumfata yana kallon fuskata, gara ya yi shi a kurkuku.

Ana nan sai ya zo da wasu fad a cikin kwali mai zanen damisa, irin na arahar nan da ake shimfiɗawa a ƙasa a bakin kasuwa. Na ɗauki ɗaya na kankara da farce, sai ga shi yana zubar da gari.

"Ba zan sa wannan ba."

"To ba ni sifana in sa da kaina."

Na hana. Muka yi ta sa-in-sa har mutane suka taru. Ya ɗauki kwalinsa ya tsallaka wurin wani bakanike da ke ɗaya gefen titin, wanda ake kira Dogo. Shi Dogo ko murfin tukunya ka kawo masa ka ce birki ne, zai ɗaura maka. Da yamma Auta ta zo min da fuska a kumbure.

"Yaya, me ya sa kake wulaƙanta min miji a gaban jama'a?"

Na ce, "Mijinki zai kashe mutane."

Ta ce, "Bakinka ya sari ɗanyen kashi." Ta juya ta tafi.

Ba a daɗe ba abin ya faru, da rana tsaka, ranar da zafi ya isa ya dafa ƙwai a kan kwalta. Ya yi lodi fiye da ƙima a saman tudu: fasinjoji maƙil, buhunan siminti a ƙarƙashin kujeru, ga kekunan ɗinki a kan rufi. Auta ma tana ciki, a kujerar gaba, da ƙunshin yadinta a cinya. Ita ta ba ni labarin daga baya. Ta ce tun a tsakiyar gangaren aka fara jin ƙauri, wata tsohuwa a baya ta ce, "Direba, wani abu na ƙonewa." Ya ce mata, "Hajiya, hancinki ne." Ya ci gaba da tsere da wata bas da ta wuce shi.

Suna dosar babbar kwanar nan mai rami a hagu, ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Ta ce ta ga tsinken sakacen ya faɗo daga bakinsa. Ya yi ta famfa birkin da ƙafa, ya ɗan kama ya saki. Ya nemi sa ƙaramar giya, motar ta riga ta yi gudun da giyar ta ƙi shiga, sai gurnani take. Mota ta kaure da salati da kukan yara. Shi kuwa ya karkata motar dama, ya jingina gefenta da bangon dutse, ya bar dutsen yana cin ƙarfe, tartsatsi na tashi, gilasai na fashewa, har suka isa inda masu gyaran hanya suka tara yashi. Ya cusa hancin motar a ciki.

Ba wanda ya mutu. Wannan kam hannunsa ne, bayan ikon Allah, ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma mutane sun ji raunuka, Auta kuma ta karye a hannun dama, hannun da take yanka yadi da shi. Har yau ba ya miƙewa sosai.

Lokacin da na isa wurin an riga an kwashe masu rauni. Mai bas ɗin ya zo, wani mai ƙaton ciki da ke da motoci da yawa a tashar. Ya shiga mazaunin direba ya taka birki. Birki ya kama, tauri kamar dutse. Ya sake takawa. Lafiya lau. Ya sauko yana huci, ya nuna Harsashi da ke zaune a kan yashi, jini na bin goshinsa.

"Maƙaryaci! Ka ce birki ya tsinke, ga birki garau. Barci ka yi, ko wani abu ka sha?"

Harsashi ya miƙe yana rantsuwa. Jama'a suka fara gunaguni, wasu har sun fara matsowa da duwatsu a hannu. Da na yi shiru, da sun yi masa rotse. Na ratsa su na durƙusa gaban tayar, na sa bayan hannuna kusa da faifan, har lokacin da sauran ɗumi. Na buɗe ma'ajin man birki, na tsoma tsinke na ɗago. Baƙi ƙirin kamar ruwan kwata.

Na ce, "Alhaji, ba ƙarya yake ba. Birkin ya tafi da gaske. Man ne ya tafasa, yanzu da ya huce ya dawo. Haka yake yi, shi ya sa yake yaudarar mutane."

Harsashi ya ce, "Kun ji ko! Kun ji!"

Na ce, "Ban gama ba. Abin da ya tafasa shi lodi ne da ya wuce ƙarfin motar, da ƙafar da ta kwanta a kan birki tun daga sama, da fad na banza, da man da ya shekara nawa ba a canza ba. Duk na gaya masa. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho."

Mai motar ya miƙa hannu ya karɓi makulli. Harsashi ya dube ni, ido jajir.

"Ka ji daɗi yanzu? Dama abin da kake jira ke nan."

Na ce, "Ƙanwata tana asibiti da karyayyen hannu, kana tambayata daɗi?"

Ya tofar da yawu mai jini kusa da ƙafata ya wuce.

Daga ranar ba wanda ya ƙara ba shi motar fasinja a tashar. Ya bi gari yana cewa ni na yi masa baki, ni na tona masa asiri don hassada, har ya ce ni na bar iska a bututun birkin tun gyaran baya. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Tsohuwarmu ta yi ta ƙoƙarin haɗa mu har ta koma ga Mahaliccinta ba ta ga hakan ba. Ko a zaman makokinta, ina wannan kusurwa yana waccan.

Daga baya ya samu aikin tuƙa motar burodi a wani gidan burodi da ke saman tudu, suka tattara suka koma can. Ya rame, bakin nan ya ragu, amma ba a kaina ba. In ya sauko da burodi ya zo wucewa ta rumfata, sai ya kau da kai kamar ya ga mushe. In motar ta buƙaci gyara, wurin Dogo yake kai ta, ya ajiye ta inda zan gani. Ni kuma in zan je duba Auta sai na tabbata ya fita rabon burodi.

Wata rana na yi kuskuren lissafi. Na hau tudu da hantsi, na same ta a ɗakin ɗinkinta, ɗan ƙaramin ɗaki mai taga ɗaya, cike da ƙurar yadi da ƙyallaye. Tana da ciwon sarƙewar numfashi tun tana yarinya. Muna cikin hira ta fara tari, ta lalubi abin shaƙar maganinta ta matsa, ba komai a ciki. Kafin in ankara leɓunanta sun fara canza launi, ƙirjinta na kuka kamar usur. Na ɗauke ta a kafaɗa na fito, sai ga Harsashi ya tsayar da motar burodi a ƙofar gida, ya dawo ɗaukar wani abu.

Bai tambaye ni me nake yi a gidansa ba. Ya buɗe ƙofa, muka sa ta a tsakiya. A ƙaramin asibitin unguwa ma'aikaciyar jinya ta duba ta, ta yi mata allura, ta ce ba su da iskar da za su sa mata, mu gangara da ita babban asibiti yanzu yanzu.

Ban taɓa zama a motar da yake tuƙawa ba sai ranar. Auta ta jingina kanta a kafaɗata, ina jin numfashinta yana fita da ƙyar. Ya fizgi motar, akwatunan burodi na kifewa a baya. Da muka hau kan gangaren na ga titin ya miƙe ƙasa kamar an zubar da igiya. Ya sa lamba uku, inji ya ɗauki kuka. Muka doshi kwanar farko da gudun da ban yarda da shi ba.

Na ce, "Taka birki!"

Bai taka ba sai da muka matso. Ya danna shi da ƙarfi, motar ta dunƙule, ya sauke giya zuwa lamba biyu, ya saki birkin, muka sha kwanar. Ya sake ba ta wuta.

Da muka hango babbar kwanar, wadda har yau akwai zanen fentin bas ɗinsa a jikin dutsenta, ban san lokacin da na fara ihu ba.

"Birki! Ka taka birki, don Allah, za ka kashe mu!"

Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Rufe min baki, Yaya. Riƙe ta da kyau."

Ƙafata na ta danna ƙasan motar kamar akwai birki a gefena. Shi kuwa ya yi yadda ya yi a baya: ya taka, ya saki, inji na ihu, motar na manne da titi. Haka muka sauko gangaren nan duka, muka wuce ta gaban rumfata kamar iska. A ƙofar asibiti ya taka birki, motar ta tsaya cak, har goshina ya bugi gilashi.

Aka shiga da ita. Muka zauna a dogon bencin baranda, shi a wancan ƙarshe ni a wannan, warin magani na dukan hanci, wata mata na goge daɓe tana zagaye ƙafafunmu. Sai da likita ya fito ya ce numfashinta ya daidaita, sannan hankalina ya kwanta. Na dubi Harsashi. Na ga ya kamata in ce wani abu.

Na ce, "Ashe dai ka iya sauke giya."

Ya ce, "Ashe dai kai matsoraci ne. Duk wa'azin nan, ka zo kana kuka kamar akuya a mahauta."

"Da ka cika mata abin shaƙarta da ba mu zo nan ba."

"Da ba ka cika ta da surutu ba da numfashinta bai ƙare ba. Wa ma ya ba ka izinin shiga gidana?"

Muryoyinmu suka tashi har mai gadi ya zo ya ce ɗayanmu ya fita. Ni na fita, don shi ne mijin.

Auta ta warke. Da ta ji yadda muka ƙare a baranda, cewa ta yi ta gaji, mu biyun duk jakuna ne, bambancin kawai ɗaya gajere ne. Ya ci gaba da tuƙa motar burodin har idonsa ya fara yin hazo, masu gidan burodin suka mayar da shi mai kula da lodi. Yanzu ya daina tuƙi ɗungurungum. Yana zama a ƙofar gida a kan kujerar roba, yana gyara wa duk motar da ta wuce tuƙi da baki. In Auta ta kira mu cin abinci, shi a falo ake kai masa, ni a ɗakin ɗinki.

Kwanan baya babbar 'yarsu, wadda ke koyarwa a makarantar firamare, ta sayi wata tsohuwar ƙaramar mota. Ta kawo min ita da kanta ta ce, "Kawu, ka duba min birkin, kullum sai na sauko gangaren nan." Na zauna na yi mata aikin da ban taɓa yi wa kowa ba. Na canza fad, na wanke bututu, na zuba sabon mai daga gorar da na fasa a gabanta. Uban na jin labari ya sa ta ɗauko shi a motar, suka sauko, ya sa ta tsaya a wurin Dogo, ya ce a kwance duk abin da na ɗaura a duba. Ina zaune a rumfata ina kallonsu. Dogo ya cire tayoyi, ya leƙa, ya shafa, ya mayar, ya ce shi bai ga abin gyarawa ba.

Harsashi ya ɗaga murya yadda zan ji daga tsallaken titi, ya ce, "Kai ma idonka ya mutu, Dogo."